Gayyar Koyon Kwamfuta a Ƙasar Mafara

Tsakanin 2001, shekarar da wayar salula ta shigo Najeriya, da 2015, shekarar da hukumar JAMB ta yi ban kwana da jarrabawar takarda da fensir, an yi wani ɗan zamani a makarantun Talata Mafara da Bakura da Maradun wanda ba a cika ba da labarinsa ba. A cikinsa ne malamai, masu furfura da masu jini a jika, suka sake zama 'yan koyo. Ba wanda ya tara mu ya ce ga manhaja, ga malami, ga ranar jarrabawa, in ban da 'yar bitar kwana biyu ko uku da akan kira wasu Gusau jefi-jefi. Mu muka koya wa junanmu, a ɗakin malamai bayan an tashi, a gindin dalbejiya, a shagon mai kafe, a kan benci ƙofar gidan abokin aiki. Na yi koyarwa a yankin a waɗannan shekaru, kuma har yau ban ga lokacin da malamai suka yi ƙishirwar sani da riƙon juna irin na wancan lokaci ba.

Sai an san abin da muka gada kafin a gane dalilin zumuɗinmu. Malamin da ya kama aiki a guguwar UPE ta 1976, ko bayanta da kaɗan, jarinsa alli ne da allo da jan biro da littafin shirin darasi. Allon ma siminti ne a jikin bango. In ya koɗe, a sa yara su kwaɓa garin gawayi ko baƙin garin nan na cikin tsohon batir, su shafe shi ranar Juma'a, kafin Litinin ya bushe. Babbar na'urar makaranta, ga wadda Allah ya hore wa, ita ce tafireta da injin gurza takarda.

In zango ya zo ƙarshe, kowane malami ya kai tambayoyinsa ofis. Akawu ya zare ƙyallen tawada daga tafireta, ya ɗaura sitansil, ya dinga bugawa da ƙarfi don haruffa su huda. In hannunsa ya kuskure, ya ɗiga wani jan ruwa mai wari, ya hura, ya jira ya bushe, ya sake bugawa a kai. Malamin lissafi ya zo da biron da tawadarsa ta ƙare, ya zana kusurwoyi da da'ira a hankali, don in ya danna da yawa sitansil ya yage, aikin yini ya tashi a banza. Mu malaman Hausa namu aikin daban ne. Tafiretocin ba su da ƙ da ɗ da ɓ, sai mu bi layi-layi da tsinin allura muna yi wa haruffa lanƙwasa. Daga nan a ɗaura a inji, a matsa tawada, wani ya kama mariƙi yana juyawa, takardu suna faɗowa ɗaya bayan ɗaya da ɗanyar tawada a jikinsu. Har yanzu ina tuna warin ɗakin nan, da baƙin da yake kwana da kwanaki a ƙarƙashin farce. Makarantun ƙauye kuwa, irin na wajen Rini da Gora da Morai, yawanci a allo ake rubuta tambayoyi, ko kuma hedimasta ya jira ranar Talata ya haɗa cin kasuwar Mafara da gurza jarrabawa.

Karatu daga nesa ma ba baƙonmu ba ne. Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, da aka kafa a Kaduna a 1976, ta saba mana da shi: littattafai a hannu, haɗuwa a ƙarshen mako, malami yana aikinsa yana neman ƙarin takardar shaida. Sai kuma rikoda. A nan yankinmu ya yi sa'a, domin waƙar bakan da ake koyarwa a aji a gida aka haife ta. Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, asalinsa ƙasar Bakura ne, sunansa kuma ya tafi tare da na Maradun. Sa'idu Faru ɗan garin Faru ne a ƙasar Maradun. Malamin Hausa zai shigo aji da rikoda da batiran da ya saya da kuɗin aljihunsa, ya sa kaset, ya tsayar, ya tambayi yara ina jagora ya dire, ina 'yan amshi suka karɓa. Ba a rasa yaro a ajin da kakansa ya taɓa zama a fadar da aka yi waƙar. In kaset ya sarƙe, a zaro shi a naɗe da biro a ci gaba.

Dattawanmu dai ba su yi rawar jiki da maganar kwamfuta ba da farko, kuma suna da hujja. Da aka fara tsarin 6-3-3-4 a 1982, an shigo da injuna da kayan koyon sana'a daga ƙasashen waje aka rarraba wa makarantun sakandare a faɗin ƙasar nan, da yawansu kuma suka tsufa a cikin akwatunansu saboda babu wuta, babu wanda ya iya harhaɗa su. Wanda ya ga wannan da idonsa ba ka cewa ya yi laifi in ya ce sai ya gani a ƙasa.

An ƙirƙiro Jihar Zamfara ranar 1 ga Oktoba 1996, Mafara kuwa tana da abin da maƙwabtanta ba su da shi, wato Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau. Inda ɗaliban babbar makaranta suke, nan masu shagon buga takardu suke tarewa. A irin waɗannan shaguna yawancinmu muka fara ganin kwamfuta tana aiki. Abin da ya fara kama hankalinmu ƙaramin abu ne: yaron shago ya yi kuskure, ya danna maɓalli ɗaya, kuskuren ya ɓace. Ba jan ruwa, ba hurawa, ba jira. Duk wanda ya taɓa kwana a kan sitansil ya san darajar wannan.

A makarantar da nake, kwamfutar farko a ofishin firinsifal aka ajiye ta, aka lulluɓe ta da atamfa saboda ƙurar hunturu. Wanda ya yaye atamfar wani ɗan bautar ƙasa ne daga kudu, yaro mai ladabi, Hausarsa ba ta wuce gaisuwa da cinikin kasuwa ba. Muka riƙa haɗa kuɗin galan ɗin fetur, bayan la'asar a ta da janareta, a jawo benci a kewaye shi. Akwai wani dattijo a cikinmu, malamin Larabci, kowa Baba Malam yake ce masa. Ranar da layi ya zo kansa, ya naɗe hannun babbar rigarsa ya zauna, ya ɗora tafinsa a kan linzami. Ɗan bautar ƙasa ya sa hannunsa a kan nasa yana jan sa hagu da dama. Can sai Baba Malam ya ce, "Ɗana, sake ni in gwada da kaina. Wanga abu bai hi ƙarhin wanda ya riƙa alƙalami shekara talatin ba." Muka fassara wa yaron, ya yi murmushi ya janye hannu. Da yatsa ɗaya dattijon ya nemo haruffan sunansa, yana ɗaga tabarau yana saukewa, har ya kammala. Aka buga masa a takarda, ya ninke ya sa a aljihun gaba. Tambayarsa ta farko bayan nan ita ce ko abin yana iya rubutu daga dama zuwa hagu. Da aka tabbatar masa yana iyawa, bai ƙara fashin zaman la'asar ba, kuma kafin ya yi ritaya shi yake buga wa Islamiyyun unguwarsu jarrabawa.

Yadda ake gayya a gona, haka muka yi koyon nan. Yau a taru a kan matsalar wannan, gobe a kan ta wancan, ba a biyan kowa ko sisi, iyaka wani ya sayo ƙosai a ci. Wanda ya gano yadda ake tsara jadawalin sakamako, kwamfuta ta tara maki ta fitar da na ɗaya da na biyu da kanta, ba ya barin abin ya kwana a cikinsa. Wanda ya je Gusau ko Sakkwato ya ga sabon abu, da shi zai buɗe hira washegari. Mu malaman Hausa kuwa ranar farin cikinmu ita ce ranar da wani ya dawo daga Kano da nau'in haruffan nan mai suna Rabi'at, wanda Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya samar, mai ƙ da ɗ da ɓ a cikinsa. Daga hannu zuwa hannu ya zagaya makarantu. Yana da sharaɗinsa: in ka kai rubutunka kwamfutar da ba a sa mata shi ba, haruffan sai su rikiɗe. Saboda haka kowa yana yawo da shi a ɗan filas ɗinsa, a rataye a wuya ko a ɗaure da makullin babur.

Sai kafe, wato shagon shiga intanet. Kwano ne babba a kan rufin shago yana kallon sama, janareta tana ruri a baya, a ciki kwamfutoci a jere da katako a tsakaninsu. Ka sayi awa ɗaya, a ba ka 'yar takarda mai lamba. Shafi guda yakan ɗauki mintuna kafin ya buɗe, don haka mutum biyu ko uku suke raba awar, ɗaya yana dannawa, ɗaya yana kwafewa a littafi. A nan muka buɗe adireshin imel na Yahoo, muka rubuta kalmar sirri a bangon baya na littafin shirin darasi. Wasiƙun farko juna muka aika wa, don mu ga da idonmu yadda saƙo yake tashi daga wannan kwamfuta ya sauka a waccan.

Aikin kafe da ya fi taɓa mutanen gari shi ne duba sakamako. Da WAEC da NECO suka koma sakin sakamako ta intanet da katin kankarewa, malami ya zama manzon gari. Iyaye su kawo kuɗin kati, ya rubuta sunaye da lambobin jarrabawa a takarda, ya hau babur da sassafe daga Maradun ko Bakura ya nufi Mafara, in sabis ya ƙi ya zarce Gusau. Ya kankare kati ɗaya bayan ɗaya, ya buga, ya jera a ambulan. Shi ne farkon wanda ya san wanda ya ci da wanda ya faɗi, kuma duk tsawon hanyar dawowa yana saƙa kalmomin da zai tari uban yaron da bai sami Turanci ko lissafi ba da su. Ya iso bayan isha'i ya tarar da mutane a ƙofar gidansa da tocila. A lura da wannan: bayan isha'i, a kan babur, shi kaɗai, fargabarsa ba ta wuce faci ko ƙarewar mai ba. Wanda ya san hanyoyin nan a yau ya san abin da nake nufi.

In aka tambaye ni ranar da intanet ta sami mutunci a idon dattawanmu, zan ce Laraba 29 ga Maris 2006. A ranar aka yi husufin rana wanda inuwarsa ta ratsa ta kan Zamfara da Katsina ta haye Jamhuriyar Nijar. Malaminmu na kimiyya ya samo labarin a kafe tun da sauran makonni. Ya bugo taswirar hanyar da inuwar za ta bi, da zanen yadda wata yake shiga tsakanin rana da duniya. Aka yi kwafi, takardar ta zagaya makarantu da majalisu. Aka ja kunnen yara kada su kalli rana kai tsaye, aka koya musu huda kwali su ga siffarta a ƙasa. Baba Malam ya ɗauki nasa ɓangaren, ya yi bayanin sallar kusufi da yadda ake yin ta. Malamin kimiyya da malamin addini suka tsaya a gaban yara kafaɗa da kafaɗa, kowa yana ƙarasa wa ɗan'uwansa magana. Da hantsi ya yi, gari ya fara rufewa a daidai lokacin da takarda ta faɗa, iska ta yi sanyi, kaji suka nufi akurki. Daga ranar, in gardama ta yi tsawo a ɗakin malamai, sai ka ji wani dattijo ya ce, "To, a tai a bincika muna."

Waya da tsada ta shigo. Layi kaɗai ya kai naira 20,000 a farko, kira naira 50 a minti, sai da Glo ta zo a 2003 da lissafin daƙiƙa farashi ya fara karyewa. Kafin sabis ya game ƙauyuka, kowane gari yana da sanannen wurin da ake samunsa, kan wani tudu ko gindin wata tsamiya, kuma da yamma a can za ka iske malami da malamin gona da ma'aikacin asibiti kowa ya ɗaga hannu sama. Da ƙananan Nokia masu Opera Mini suka yawaita, kafe ta fara komawa aljihu. Malamin tarihi yana iya duba shekarar wani yaƙi yana zaune a kan tabarma. Da safe a bar waya wurin mai caji a karɓi lamba, da rana a biya a ɗauka.

A nan ne yara suka sha gabanmu. Wajen 2011 zuwa 2012, 2go, wata manhajar hira da ta fito daga Afirka ta Kudu, ta mamaye matasa, Facebook yana biye da ita. Ɗakin malamai ya rabu biyu. Wasu suka ce a ƙwace wayoyi, a hana, a hukunta. Wasu suka ce a bi yaran can inda suke. Ina tuna wata malamar Turanci da ta dubi mataimakin firinsifal ta ce, "Ranka ya daɗe, in muka bar musu wurin su kaɗai, wa zai faɗa musu daidai?" Masu cewa a hana ba ƙarya suka yi ba. Mun ga yaran da hirar dare ta cinye musu karatu, mun ga yadda waya ta sauƙaƙa satar amsa, kuma ban taɓa goyon bayan a bar ɗalibi da waya a cikin aji ba. Amma a ganina waɗanda suka shiga sun fi amfanar yaran. Wannan malama kowane dare takan saka jimla ɗaya mai kuskure a shafinta ta ce a gyara. Kafin gari ya waye, 'yan aji shida da tsofaffin ɗalibanta da ke jami'a a Sakkwato da Zariya sun yi ta ja-in-ja a ƙarƙashinta. Yaran da ba sa ɗaga hannu a aji, a can suke magana.

Mu kanmu Facebook ya faɗaɗa mana ɗakin malamai. Malamin ƙauye wanda a da ba ya haɗuwa da takwaransa na wata jiha sai wurin makin jarrabawa, ya wayi gari yana musayar ra'ayi da malamai a Kano da Katsina da Zariya da Maraɗi da Damagaram. Mun yi dogayen muhawarori a kan ƙa'idojin rubutu, inda ake raba kalma da inda ake haɗewa. A nan da yawanmu muka fara sanin cewa 'yan'uwanmu na Nijar da ƴ mai lanƙwasa suke rubuta abin da muke rubutawa da 'y. Malaman firamare suna tambayar juna yadda za a bayyana wa ɗan aji huɗu, da Hausar da zai gane, yadda ganye yake haɗa abinci da hasken rana. Amsoshi su zo daga garuruwan da ba mu taɓa zuwa ba, daga mutanen da har yau ba mu san fuskarsu a zahiri ba, amma in ɗayansu ya yi rashi sai an yi masa ta'aziyya tamkar maƙwabci. Da Google ya sa Hausa a cikin na'urarsa ta fassara a ƙarshen 2013, wani abokin aikina ya mai da ita kayan darasi. Yakan ba ta sakin layi na Turanci, ya kwafe Hausar da ta fitar a allo, ya ce yara su gyara. Ban ga darasin fassarar da ya kai wannan armashi ba, domin yaran sun gane cewa a harshensu su ne alƙalai.

Malamai mata ba su ci moriyar kafe sosai ba. Wuri ne na maza, kuma sabis ya fi kyau da dare. Waya ce ta kai musu abin har ɗaka, da WhatsApp ya kawo saƙon murya a 2013 kuwa sai suka zarce mu. Zaurensu na WhatsApp ya haɗa komai: shirin darasi, adashi, barka da haihuwa, sanarwar bita. Na san wata malamar aji ɗaya da take naɗar muryarta tana karanta baƙaƙe da wasula da waƙoƙin ƙirga, ta tura wa uwayen yaran. Uwar da ba ta yi boko ba ta kunna wa ɗanta tana aikin gida, ita ma tana bi.

Abin da na fi alfahari da shi a duk zamanin shi ne naɗar muryoyin tsofaffi. Waƙoƙin Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru da Narambaɗa sun bar kaset sun koma memori, ana tura su daga waya zuwa waya ta Bluetooth, rikoda ta huta. Sai wani malamin nazarin zaman jama'a ya ce, tunda wayar tana naɗa, me zai hana yara su naɗo mana abin da ba ya cikin littafi? Ya ba su aikin hutu: kowa ya ari waya ya zauna da kakansa. Suka dawo da tatsuniyoyi, da kirarin mafarauta da na maƙera, da waƙoƙin daka da na niƙa, da sunayen tsofaffin irin dawa da gero da aka daina shukawa. Wasu suka dawo da labarin madatsar Bakolori daga bakin waɗanda abin ya shafa: yadda aka kammala ta a 1978, yadda ruwa ya ci gonaki da garuruwa, yadda manoma suka yi ta neman diyya, da abin da ya faru a Birnin Tudu a Afrilun 1980 lokacin da aka zubar da jininsu. Yaran sun girma suna cin shinkafar Bakolori, amma da yawansu ranar suka fara jin kuɗin da aka biya. Muka zauna a aji, waya a kan tebur, muryar tsoho tana fita, ba mai ko tari.

Jarrabawar JAMB ta kwamfuta ce ta rufe wannan zamani. A 2013 aka fara ba da zaɓi, a 2015 ta zama dole. Ɗan ƙauyen da bai taɓa taɓa linzami ba aka ce makomarsa tana kan allon kwamfuta. Malamai suka sake yin abin da suka saba. Aka yanko kwalaye aka zana madannai a kai, harafi-harafi yadda suke a jere, yara suna atisaye da yatsa a kan benci. Mai kwamfutar tafi-da-gidanka ya kawo ta, a yi layi, kowa ya sami 'yan mintuna. Aka haɗa kuɗin mota aka kai su Mafara ko Gusau su ga ɗakin jarrabawa kafin ranar. An yi ƙoƙari, kuma yara da yawa sun haye. Sai dai daga nan kwamfuta ta tashi daga abin marmari ta koma sharaɗi. Matasan N-Power da aka fara turowa makarantu a 2016 da iyawarsu suka zo, ba su buƙaci zaman la'asar ba. A 2018 aka kafa jami'ar jiha a Mafara kanta. Ci gaba ne, ina murna da shi, amma benci ya watse. Yau kowane malami yana riƙe da wayar da ta fi kwamfutar firinsifal ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma in abu ya shige masa duhu, wayar yake tambaya, ba na kusa da shi ba.

Abin da ya biyo baya kowa ya sani. A Maris 2020 annobar korona ta rufe makarantu, aka koma darasin rediyo, malamai suna tura aikin gida ta zaurukan WhatsApp ga yaran da gidansu ke da waya. Ranar 26 ga Fabrairu 2021 aka sace 'yan mata 279 a makarantar Jangebe. A Agusta aka afka wa Kwalejin Aikin Gona ta Bakura. Ranar 1 ga Satumba aka kwashe ɗalibai 73 a Kaya ta ƙasar Maradun. Aka rufe makarantu, aka dakatar da kasuwannin mako, ranar 3 ga Satumba kuma aka katse layukan waya a jihar baki ɗaya. Gusau ta sami nata a farkon Oktoba, sauran wurare sai ƙarshen Nuwamba. Malaman da suka yi shekaru suna koyon yadda za su kai karatu inda ƙafa ba ta kaiwa suka zauna ba aji, ba sabis, ba hanyar da za a bi da kwanciyar rai. Da yawa daga abokan zaman la'asar ɗin nan sun kwashe iyali sun koma Gusau ko Sakkwato. Baba Malam Allah ya yi masa rasuwa kafin wannan duka, Allah ya jiƙansa.

Abin da ke damuna yanzu shi ne kayan da muka tara. Tambayoyin jarrabawa na shekara da shekaru, darussan da aka buga da haruffan Rabi'at, taswirar husufi, da muryoyin tsofaffin nan waɗanda yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya, duk suna warwatse a cikin memorin da aka jefa a kwalla, da filas da ke ƙasan akwati, da kwamfutocin da suka mutu a sito. Waya takan faɗa ruwa, memori yakan lalace, magada ba su san abin da ke ciki ba. Jami'ar Mafara, ko Kwalejin Ilimi ta Maru, za su iya sa ɗalibansu su bi tsofaffin malamai gida-gida su kwafe abin da ya rage, a rubuta sunan mai magana da garinsa da shekarar da aka naɗa. Ba aiki ne mai cin kuɗi ba. Yawancinmu muna nan da rai, mun san wanda ya ajiye me, kuma duk wanda ya yi sallama za mu buɗe masa akwati.